Kunkuru da Dagwalon Marina

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wai a wani gari da ke kan tudu akwai wata babbar marina, inda ake rina tufafi da baba. Ta Raƙumi ce. Shi Raƙumi falke ne, ba ya zama. In ya ɗauki rinannun kaya ya yi arewa, sai an daɗe a sake ganinsa. Saboda haka ya naɗa Kunkuru wakili, ya ce masu rini da masu bugu da jakunan dako duk su bi umarninsa.

Kunkuru ba mugu ba ne, ku riƙe wannan. A gangaren tudun akwai tafki. Can aka haife shi, can kuma gwaggonsa Kififiya ta raine shi bayan uwarsa ta rasu. Tafkin nan shi ne ruwan shan kowa, kwaɗi da agwagi da barewar da ke sauka da yamma. Ita kanta marinar daga can ake ɗebo mata ruwa.

To, ruwan rini in ya tsufa ya daina kama zane sai ya zama dagwalo, baƙi ƙirin, ga wari. Tun kakanni, jakuna ke kwashe shi a tuluna su kai wani rami can cikin fako, inda ko ciyawa ba ta tsirowa. Ranar kwasar dagwalo ba a rini, yini guda yake tafiya.

Wata shekara Raƙumi ya dawo fuska a ɗaure. Ya ce marinar wasu garuruwa sun fi tasa fitar da kaya. Ya dubi Kunkuru daga can sama ya ce, "Marina na ba ka, ba wurin hutu ba. In na dawo ban ga kaya sun ƙaru ba, akwai masu son wurin nan naka."

Gizo yana gefe yana ji, don shi ne dillalin marinar. Da Raƙumi ya tafi sai ya matso, da tsamin bakin nan nasa, ya ce shi ya rasa dalilin wahalar da jakuna. A haƙa kwata kawai daga bakin ramuka, dagwalo ya gangara da kansa, a yi rini kullum.

Kunkuru ya ce ai tafki zai faɗa.

Gizo ya yi dariya, ya ce tafki mai faɗin nan ina zai san an zuba masa wani abu? Kunkuru ya ja kansa cikin ƙoƙonsa. Da ya fito sai ya ce a haƙa, amma na ɗan lokaci ne, kafin ran maigida ya yi sanyi.

Aka haƙa. Kaya suka ƙaru, masu bugu har hannu ya yi musu kanta.

Ba a jima ba sai ga Kwaɗo ya hau tudu. Ya gaida wakili, ya ce 'ya'yansa suna ta tasowa saman ruwa ciki a sama, ruwan kuma ya canza ɗanɗano. Kunkuru ya buɗe baki zai ce a toshe kwata, sai Gizo ya ja shi gefe.

Ya raɗa masa, "Yanka ya daɗe, in ka toshe, ka amsa laifi ke nan. Ba shi kyauta a gaban jama'a, ka ga ko bakinsa zai sake buɗewa."

Aka ɗauko riguna masu sheƙi, aka ce kowane kwaɗo a ba shi ɗaya. Aka kira Zakara maroƙi ya hau kan katanga yana shelar alherin wakili. Kwaɗo ya tsaya da riga a hannu, kowa na kallonsa. Ta yaya zai ci gaba da ƙara a gaban wanda ya tufatar da gidansa duka? Kunya ta kama shi. Ya yi godiya, ya gangara.

Dagwalo ya ci gaba da gangarawa.

Bayan nan sai ga Agwagwa. Ta nuna ƙafafunta, fata duk ta saɓule. Ta ce ta yi kwanci har ta gaji, ƙwai ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Kunkuru ya kasa haɗa ido da ita. Gizo ya ce ai ba ruwa ba ne, zafin rana ne ke damun mutanen tafki, inuwa suke bukata. Aka sa jakuna suka kafa wata doguwar rumfa a bakin tafki, aka dafa abinci, aka kira makaɗa. Zakara ya yi ta kirari, yana cewa Kunkuru uban marayu, wakilin da bai manta da tushensa ba. Agwagwa ta zauna a inuwar rumfar tana kallon baƙin ruwa, ba ta ci komai ba.

Da Raƙumi ya dawo ya tarar da kaya tsibi-tsibi, ya kuma ji ana yabon marinarsa har a kasuwannin nesa. Bai tambayi yadda aka yi ba. Ya naɗa wa Kunkuru rawani, ya ce a shirya masa kayan da suka fi waɗannan, ayarinsa zai tashi bayan salla.

Ana cikin wannan aiki sai Kififiya ta hau tudu da kanta. Tsohuwa ce tukuf, tun safe ta taso, sai la'asar ta iso, riƙe da 'yar ƙwarya a rufe da faifai. Kunkuru ya sauko daga buzunsa ya durƙusa ya gaishe ta. Ta tambayi lafiyarsa, ta tambayi aiki, ta ce rawanin ya yi masa kyau. Sa'an nan ta buɗe ƙwaryar ta miƙa masa.

Ta ce, "Na kawo maka ruwan gida. Sha, ɗana."

Kunkuru ya duba. Ruwan baƙi ne, da wani kumfa a kansa. Ya riƙe ƙwaryar, bai kai ta baki ba.

"Gwaggo, ba zan iya ba."

"Mu shi muke sha."

Gizo ya yi wuf ya kawo mayafi mai tsada zai yafa mata. Ta ture shi da hannu, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce wa Kunkuru, "Ban zo roƙo ba. Ba mu ce ka ba mu komai ba. Mun ce ka daina ba mu wannan."

Kunkuru ya yi rantsuwa zai toshe kwata. Ya ce ta yi masa haƙuri kaɗan, ayarin maigida ya tashi tukuna, don in aiki ya tsaya yanzu korarsa za a yi, a kawo wanda bai ma san tafki ba. Kififiya ta daɗe tana dubansa. Ta karɓi ƙwaryarta, ta ce Allah ya kai mu, ta juya.

Shi kuwa har cikin ransa ya yi niyyar toshewa. Kullum da safe sai ya je bakin kwata ya tsaya, ya dubi tarin fararen zannuwan da ke jiran rini, ya ce gobe.

Ana saura kaɗan salla sai rini ya ƙi kamawa. A tsoma zane a fitar, ya fito fari-fari kamar toka. Aka ƙara baba, aka sake dama, bai kama ba. Masu rini suka ce ruwan da jakuna ke ɗebowa daga tafki ya mutu, dagwalonsu ne suke mayarwa cikin ramuka.

Raƙumi ya zo a fusace. Tun bai tambaya ba Gizo ya faɗi gabansa yana kuka, ya ce shi ya sha hana wakili haƙa kwatar nan, bai ji ba. Raƙumi bai tsaya bin ba'asi ba. Ya warware rawanin daga kan Kunkuru, ya sa aka ɗaure kaya, ya ce ya san wani gari mai kogi, can zai kafa sabuwar marina. Gizo ya ɗare kan tozonsa, shi ne sabon wakili.

Kunkuru yana tsaye cikin ramukan da babu kowa sai ga Agwagwa tana ɗingishi. Ta ce masa Kififiya ta cika da hantsi, ana neman ruwan da za a yi mata wanka, babu.

Ya ɗauki tulu ya bazama. Ya je rijiyar gangare, ya tarar dagwalo ya ratsa ƙasa ya shige ta. Ya je ƙoramar yamma, ta ƙafe. Ya yi ta tafiya da 'yan gajerun ƙafafun nan nasa har ya sami wani idon ruwa a gindin dutse, ya cika tulu, ya juyo yana rungume da shi kada ya zube.

Da ya iso bakin tafki ya tarar kwaɗi sun ɗaure kayansu sun yi gaba. Agwagwa ce kaɗai ta rage, ita ma tana shirin bin su. Ta dubi tulun, ta dube shi.

Ta ce, "Mun jira ka har rana ta yi sanyi. Da ƙasa muka yi mata taimama, muka rufe ta."

Ta nuna masa kabarin, ta wuce. Kunkuru ya sauke tulun a gefensa ya zauna. Babu wanda zai ba ruwan.

To, jikokina, kun ji. In Allah ya ɗora ku a kan aikin wani, ku sani ba maigida kaɗai ke da haƙƙi a kanku ba, har da waɗanda ke zaune a ƙarƙashin aikin. Kyauta ba ta wanke cuta muddin ana ci gaba da yin cutar. Wanda kuma ya san daidai ya ce sai gobe, yakan iso bayan an gama.

Ƙungurus kan kusu, tawa ta tsaya a nan. Ku tashi ku kwanta.