Wa Za a Yi wa Takwara a Gidan Farfesa Tanimu?

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau shari'a na kawo muku, ku ne kuma alƙalan.

A Zariya akwai wani tsohon likita, Farfesa Tanimu. Tun yana da ƙarfinsa ya kafa wata mujalla da ake buga binciken likitoci a ciki. Ya daɗe yana fama da ita ba mai waiwayarta. In ya kai wa abokan aikinsa su karɓa da godiya, ya dawo ya tarar ana fifita da ita. In wani ya yi bincike mai kyau sai ya aika Turai, ragowar ce ake kawo wa Farfesa. Abin yana cin ransa, amma bai fasa ba. Da tsufa ya kama shi sai ya kira ɗalibansa mata uku, waɗanda suka zama manyan likitoci, ya danƙa musu ita.

Ta farko, Dakta Rahanatu, a wani asibitin ƙauye take aiki, inda ba wuta ba ma'ajiyar jini. Ta gaji da ganin mata suna haihuwa lafiya jini ya ɓalle su tafi. Sai ta fito da wata dabarar tsayar da jinin da kayan da kowane ƙaramin asibiti yake da su. Ta bi ƙauyuka a bayan babur, damina da rani, tana gwadawa tana bibiyar matan. Da aikin ya kammala wasu suka ce ta kai shi waje ta yi suna. Ta ce a'a, mujallar malaminta za ta ba.

Ta biyu, Dakta Suwaiba, ita ke tantance duk abin da za a buga, kuma ba ta da kunya a kan aiki. Tana karanta binciken ƙawarta ta ga awon wani magani bai dace da mata masu ƙaramin jiki ba. Ta mayar mata da shi.

Rahanatu ta ce, "Haba Suwaiba, ni ma?"

Ta ce, "Ke ce ma kan gaba. In na rufe ido don zumunci, wata ce za ta biya da ranta."

Suka ɗan yi gaba, har Farfesa ya shiga tsakani. Rahanatu ta koma ƙauyukan ta sake awon, ta tarar gaskiyar Suwaiba ce, ta gyara. Daga nan labari ya bazu cewa mujallar nan ba ta buga abin da bai nuna ba. Masana daga Alƙahira da Nairobi suka fara turo aikinsu, suna jiran layi.

Ta uku, Dakta Kubura, ba ta yi bincike ba, ba ta yi gyara ba. Ita cewa ta yi ilimin da ke kulle a ɗakin karatu da babu duk ɗaya. Ta sa mujallar a intanet kyauta, yadda za ta buɗe ko a ƙaramar waya. Da yake kuma mahaifiyarta 'yar Maraɗi ce, ta ji Faransanci, sai ta zauna ta fassara binciken Rahanatu domin likitocin ƙetaren iyaka. An yi mata dariya, an ce wa zai karanta. Ta yi kunnen ƙashi.

To, Farfesa yana da 'yar auta, Fa'iza, tana aure a wani gari kusa da Damagaram. Wata ranar Laraba da hantsi yana zaune a ƙofar gida surukinsa ya kira shi, ya ce Fa'iza ta sauka amma jini ya ƙi tsayawa, babban asibiti kuma da nisa. Mutumin da ya koyar da likitoci ba adadi, ga shi riƙe da waya ba abin da zai iya sai addu'a. Ko ruwa ya kasa sha.

Kafin azahar wayar ta sake kaɗawa. Wannan karon likitan garin ne, wani saurayi da bai jin Turanci ko kaɗan. Ya ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka, jini ya tsaya, tana ma neman kunu." Farfesa ya tambaye shi yadda ya yi. Ya ce wata dabara ce ya karanta a wayarsa da Faransanci, cikin wata mujallar Najeriya, kuma da yake mai jegon siririya ce ya bi awon masu ƙaramin jiki. Ya faɗi sunan mujallar, bai san da wa yake magana ba. Tsoho ya yi ta dariya hawaye na bin gemunsa, har maƙwabta suka leƙo.

Jaririyar mace ce. Uban ya ce ya bar wa kakanta zaɓen suna. Likitan nan namiji ne, an riga an kai masa rago da babbar riga, ya yi murna. Farfesa ya ce a cikin ɗalibansa uku zai yi wa ɗaya takwara. Su kuwa tuni sun shirya tafiya suna, da turamen atamfa da kayan barka, kowacce tana cewa a ba 'yar'uwarta.

Ranar jajibirin suna, Farfesa ya zauna yana juya abin. Ba don Rahanatu ba babu dabarar. Ba don Suwaiba ba da kuskuren awon ya tafi har kan Fa'iza. Ba don Kubura ba da likitan yana tsaye a kanta bai san komai ba. Gobe da safe liman zai tambaye shi, kuma suna ɗaya ake raɗa wa jariri.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya kamata ya faɗa?