Majanyin Inna Tabawa

Tasalla ƙawata, kin ce in rubuto miki tatsuniyar da na yi wa yara ranar da kika tafi ba ki ji ƙarshenta ba. To, ga ta nan, ga ta nanku, ta iso bakin ƙofa. Ki amsa daga inda kike, ki ce ta zo mu ji ta.

Wani maharbi ne, sunansa Bagudu. Kibiyarsa ba ta kuskure. Yana zaune da mahaifiyarsa, Inna Tabawa, tsohuwa ce, idonta ya tafi. Ba su da gona, abin da baka ya kawo shi suke ci. A garinsu kuwa akwai doka: duk maharbin da ya kashe dabba ya bar namanta ya ruɓe a dawa har sau uku, Sarkin Baka zai karɓe masa baka, don rai ba abin wasa ba ne.

Wata shekara namun dawa suka yi nisa, sai an yi tafiyar kwana uku. Jaki ba ya shiga wannan sarƙaƙiya, sai dai mutum ya ɗauko a jikinsa. Sai Bagudu ya tafi wurin Shekarau baduku.

Ya ce, "Ba ni jakar da ta fi kowace girma."

Shekarau ya ce, "Juyo in gwada bayanka tukuna."

Ya ce, "Ni jaki ne da za a gwada min baya?"

Sai ya ɗauki wata ƙatuwa ta fatar sa, mai maratayi ɗaya. Ya shiga dawa, ya harbi barewa biyu, ya yi bandar naman, ya cika jaka, ya rataya. Kafin rana ta take tsaka maratayi ya yanka masa kafaɗa. Ya mayar ɗaya kafaɗar, ita ma ya yanka. Sai ya zubar da rabin naman, ungulaye suka sauka.

Da ya iso gari, Sarkin Baka ya leƙa jaka, ya ce, "Ɗaya."

Sai ya koma wurin baduku. Shekarau ya ce, "Yallaɓai, juyo in gwada."

Ya ce, "Ka cika surutu. Miƙo waccan mai tuntaye."

Ita wannan maratayinta biyu, ga ado ja da kore, amma doguwa ce, har ta sauka masa ƙasan ɗuwawu. Ya shiga dawa, ya harbi gwanki, ya yi banda, ya cika jaka. Duk taku ɗaya sai ta doke shi a cinya, tana jansa baya kamar mai kiransa. Da ya zo tsallake ƙorama sai ta rinjaye shi, ya faɗi rigingine. Da ƙyar ya zare hannuwansa ya fita da ransa. Naman ya bi ruwa.

Sarkin Baka ya ce, "Biyu. Bagudu, ka tuna da tsohuwar da ke gidanka."

Sai ya koma wurin baduku, ya juya masa baya. Shekarau ya aza ɗan yatsa a ƙashin da ke dokin wuyansa, ya yi ta aunawa har ƙugu. Ya ce, "Taƙi biyu da yatsa huɗu. Ashe duk girman bakin nan, bayan gajere ne." Ya yanka masa jaka daidai wannan tsawo, ba tuntu ba ado, maratayi biyu masu faɗi.

Da safe zai fita, Inna Tabawa ta lalubo wani tsohon majanyi na saƙi, wanda ta goye shi da shi yana jariri. Ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a ciki.

Ya ce, "Inna, majanyi a jakar maharbi? Idan aka gani fa?"

Ta ce, "Ba ni da wani ƙyalle. Je ka, Allah ya tsare."

Ya cusa shi can ƙasa. Ya yi tafiyar kwana uku, ya harbi ɓauna. Ya yi banda kwana biyu, ya tura nama yadda ya samu, ya ɗauka. Jakar ta zauna a bayansa, ba ta dukansa. Amma duk nauyin a kafaɗa yake. Kafin hantsi hannuwansa sun mutu. Kafin azahar ya durƙusa a gindin wani marke, ya kasa tashi. Ya dubi sama, ga ungulaye sun fara kewayawa. Ya ce, "Shi ke nan, bakana ya tafi. Me Inna za ta ci?"

Sai ya ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa. Tsuntsaye suka yi shiru. Inuwa ta rufe shi, alhali ba hadari. Ya ɗaga kai, sai ga dutse yana tafiya. Dutse sosai, Tasalla, da itatuwansa, da birai suna zaune a kai suna cin kanya, da idon ruwa yana gangarowa ta gefensa. A ƙarƙashinsa kuwa wata 'yar tsohuwa ce, ba ta kai Inna Tabawa jiki ba. Ta goya shi da zane, ta ɗaure da majanyi, tana tafe tana jan carbi.

Bagudu ya faɗi ya yi salati. Tsohuwa ta tsaya, ta yi masa sallama. Ko numfashinta bai sauya ba.

Ya ce, "Iya, ina za ki kai wannan?"

Ta ce, "Mutanen gabas rijiyarsu ta ƙafe. Mai Duka ya ce a kai musu. Kai kuma me ya zaunar da kai?"

Ya ce, "Kaya sun fi ƙarfina."

Ta dubi jakar, ta dube shi. Ta ce, "Wa ya goye ka kana yaro?"

Ya ce, "Innata."

Ta ce, "A kafaɗa ta rataye ka?"

Sai ta nuna jakar.

Ta ce, "Zazzage."

Ya zazzage naman a kan ganye. Sai majanyi ya faɗo. Ya yi sauri zai ɓoye, ta ce, "Bar shi nan. Shi ne abin da ya fi komai amfani a cikin kayanka."

Ta sa ya shimfiɗa fatar ɓauna a gindin jaka. Ta ce cinyoyi da gadon baya, masu nauyin, su kwanta a jikin bayansa, marasa nauyin su koma waje. Ta ce, "Ka taɓa ganin uwa ta goya ɗa nesa da bayanta? Matso da shi ya ji ɗuminka."

Ya shirya. Ta ce, "Sunkuya."

Ya ce, "Iya, ni fa namiji ne."

Ta ce, "Ungulayen can ba su tambayi wannan ba. Sunkuya."

Ya sunkuya. Ta ce ya ciccibo jakar sama, ya zagayo da majanyi ta ƙarƙashinta, ya bi da shi ta kan ƙasusuwan ƙugu, kada ya hau ciki. Ya ja, ya ƙulle a gaba. Ta ce, "Ƙara ja. Yanzu rage tsawon maratayi, amma ka bar wurin da yatsa biyu za su shiga. Su aikinsu su hana kaya faɗuwa baya, ba su ne masu ɗauka ba. To, yi bismilla ka miƙe."

Ya yi bismilla, ya miƙe. Sai ya ji nauyin ya bar kafaɗa, ya gangara ƙugu, ya bi ƙafafu ya shige ƙasa. Jini ya dawo hannuwansa. Ya juya zai yi godiya, sai ya hangi dutsen can ya yi gabas, birai suna ta cin kanyarsu.

Ya yi tafiyar kwana uku, bai yar da ko tsoka ɗaya ba.

Da ya shigo gari maharba suna zaune a ƙofar Sarkin Baka. Suka ga majanyi, suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Barka, Bagudu. Mace aka samu ko namiji?" Wani ya ce, "Yaushe ne suna?"

Sarkin Baka bai yi dariya ba. Ya ce, "Ku biyu masu baki, ku tashi ku tallafi jakar nan." Suka kama, suka yi nishi, ba su ɗaga ta ba. Aka ƙaro biyu, da ƙyar ta motsa. Sarkin Baka ya ce, "Je ka da bakanka."

Bagudu ya wuce gida da kayansa a baya. Ya durƙusa gaban Inna Tabawa. Ta shafa jakar, ta shafa majanyi, ta tsaya a kan ƙullin. Ta ce, "Ya ɗan karkace hagu. Amma ba laifi ga ɗan koyo."

Ya ce, "Inna, kwana nawa kika goye ni?"

Ta ce, "Shekara biyu da wata bakwai. Ba ka son tafiya. Ga tulu a kaina, rijiya kuma tana bayan gari."

Ta kwance ƙullin, jaka ta sauka. Shi kuwa bai tashi ba. Ya daɗe a durƙushe, goshinsa a kan ƙafafunta.

Ƙurunƙus, ta sauka a kan ɗan kusu. Abin da nake ce wa yara shi ne, kada mutum ya raina hannun da ya ɗauke shi, don Allah ya ajiye sani a inda girman kai ba ya dubawa.

Saura ɗaya, Tasalla. Kin sha tambayata ina majanyina mai baƙin layi ya shiga. Yana ƙugun mai gidana, Baban Yahanasu, a ƙarƙashin rigar farautarsa, ni nake ɗaura masa da hannuna duk ranar da zai fita. Don Allah wannan ya tsaya tsakaninmu. Kada ki faɗa wa kowa, ko mai gidanki, don tare suke zuwa dawa.