Mai Man Gyaɗa da Hanyar Bayan Dutse

Akwai wata mata a wani gari, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mata gwauraye huɗu suke mata aikin suya da matsa, da abin da suke samu a gidanta suke ciyar da 'ya'yansu. Akwai kuma wasu mata biyu a garin masu irin sana'ar. Dukansu mota ɗaya take kawo musu gyaɗa daga ƙetaren kogi kowace Talata.

Amma matar nan tana da abin da ta ɓoye. A bayan dutse, tafiyar rabin yini, akwai wani tsohon manomi mai rumbuna cike da gyaɗa mai mai ƙwarai. Shekara goma sha biyu tana zuwa ta auno kaɗan ta haɗa da ta mota, shi ya sa manta ya fi na kowa ƙamshi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, gama a sana'ar nan ba a nuna wa abokiyar sana'a inda ake saro kaya. Haka uwarta ta koya mata.

Wata shekara da tsakar damina, ruwa ya cinye gadar kogin, mota ta daina zuwa. Mako biyu ba a hura wuta a murhun suya ba. Gwaurayen sukan zo da safe su gaishe ta, su koma hannu banza. Matar ta tafi bayan dutse da ƙafa, amma abin da ta iya ɗaukowa a ka bai kai suyar yini ɗaya ba. Hanyar duk laka ce, sai amalanken shanu. Amalanken kuwa na gidan ɗaya daga cikin matan nan biyu ne. Injin niƙa na ɗayar ne, ita kuma ta ce ba za ta tayar da inji a kan kwano uku ba.

Wata safiya babbar cikin gwaurayen ta ce mata, "Yaya, jiya ganyen tafasa na dafa wa yara, ko ɗigon mai babu. Mu masu yin man ke nan."

Maganar ta tsaya mata a rai. Ta shiga ɗaki ta durƙusa ta yi addu'a, ta fito ta ɗaura ɗankwali, ta je ta kira matan nan biyu, ta faɗa musu komai.

Mai amalanke ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe shi ya sa kullum kike cewa za ki gaida gwaggonki a bayan dutse. Gwaggon nan ashe gemu gare ta."

Suka yi dariya, ita kuwa kunya ta rufe ta. Washegari amalanke ya tafi. Tsohon ya yi murna, domin ƙwari sun fara shiga rumbunansa, masu saye kuma ba hanyar zuwa. Buhu tara suka kawo, inji ya tashi, suka raba uku-uku. Gwaurayen suka koma bakin aiki.

Da aka gyara gadar, man matar bai ƙara fin na kowa ba, don duka sun san hanya. Ta ji zafin wannan, amma ta gode wa Ubangiji, gama ba yaron da ya kwana da yunwa a gidajen nan huɗu.

Ga ma'anar misalin, ku kasa kunne. Ubangiji bai tara wa mutum ɗaya komai ba. Wani ya ba shi sanin hanya, wani amalanke, wani inji, domin ranar da gada ta karye a nemi juna. Ku 'yan kasuwa da ke zaune a nan, kowannenku yana da bayan dutsensa. Faɗa wa wasu zai rage muku riba, kada wani ya ruɗe ku. Amma wanda ya rufe baki alhali 'ya'yan gwauruwa suna cin tafasa ba mai, zai amsa tambaya. Ku gode wa Allah don maƙwabcin da yake da abin da ba ku da shi, ku je ku ƙwanƙwasa masa ƙofa.