Furen Tsagar Katanga

Akwai wani mai gyaran lambu da ya iya aikinsa har abin ya hau masa kai. Gidajen manya yake yi wa shuka, in ya ga ciyawa kuwa sai ka ce ya ga maƙiyinsa.

Mahaifiyarsa tana gidansa, shekara biyu ke nan ɓarin jikinta ya shanye. Daga gadonta ba ta hango komai ta taga sai katangar maƙwabci. A wata tsaga ta katangar nan ciyawa ta fito, mai ganye kamar haƙoran zarto, ta yi ɗan fure rawaya.

Tsohuwa ta samu abin kallo. Da safe furen ya buɗe, da yamma ya rufe, ita kuma tana biye da shi.

"Yau furannin sun zama uku," ta gaya wa autarta mai jinyarta, tana murmushi.

Wata rana ɗan ya zagayo bayan ɗakin da tankin feshi a bayansa.

"Babana, bar min wannan," in ji ta. "Ina so in ga ranar da zai yi farin gashi, iska ta kwashe."

Ya yi dariya. "Haba Mama! Gidan mai lambu guda a ga ciyawa a bango? Zan kawo miki fure na gaske."

Ya fesa wa ciyawar maganin da yake taƙama da shi, mai kashewa har saiwa, wanda ke hana komai tsirowa a wurin tsawon watanni. Alkawari kam ya cika. Ya kawo fure mai kyau a tukunya ya ajiye a ƙasan taga, inda mai kwance ba zai taɓa gani ba.

Tsohuwa ba ta yi ƙorafi ba. Ta dai daina cewa a ɗaga labule, abinci ma sai da lallashi.

Ranar da haƙurin autar ya ƙare, ta kamo hannunsa. "Yaya, sunkuyo nan daidai kanta, ka gaya min abin da kake gani."

Ya sunkuya. Siminti ne kawai, babu komai.

Ya bi bakin titi yana tsintar irin ciyawar da ya yi shekaru yana kashewa. Ya cusa a tsagar, yana ba da ruwa safe da yamma. Ko ɗaya bai tsiro ba, kuma ya fi kowa sanin dalili.

"Daina wahalar da kanka, Babana," tsohuwar ta ce a hankali. "Na yafe maka."

Bayan kwana tara ta rasu. Wallahi kukansa ya ba ni tausayi, domin abin da take so bai fi ƙarfinsa ba, so take kawai ya wuce ya ƙyale mata ciyawarta.

Darasi: Kafin ka raina abin da ke faranta ran wani, sunkuya ka duba daga inda yake kwance. Tura wa duk mai tsoho a gida, tun yana da sauran lokaci.