Akuyar da ta buɗe fayil ɗin asibiti

Akwai wani mai rubuta manhajar kwamfuta a Lusaka, sunansa Chisanga. Ya iya aiki, amma girman kansa ya fi iyawarsa.

Wani ƙaramin asibiti ya ba kamfaninsu aikin manhajar adana bayanan marasa lafiya. Chisanga ne ya rubuta dokar da ke tantance wanda zai buɗe fayil. Maimakon ya jera waɗanda aka yarje wa, don tsabar lalaci sai ya rubuta: a hana mai gadi da direba, saura kowa ya wuce.

Mutinta, dattijuwar da ke gwada aikinsu kafin a miƙa, ta rubuta "akuya" a gurbin matsayin ma'aikaci. Fayiloli suka buɗe.

Ta ce, "Ƙanena, zo ka ga akuya na karanta sakamakon jini. Ka sa likita, nas da mai ba da magani. Duk wanda ba su ba, a rufe masa ƙofa."

Ya ja tsaki. "Anti, wane asibiti ne ya taɓa ɗaukar akuya aiki? Je ki ci tuwonki na nshima, kin tsufa."

Bai tsaya nan ba, har ƙararta ya kai wa manaja, wai tana ɓata musu lokaci. Haka aka miƙa aikin.

Bayan wata biyu asibitin ya yi wa mai dafa abincin majinyata rajista da "mai girki", don ta riƙa ganin yawan kwanukan da za ta zuba. Manhaja ba ta san wannan matsayi ba, sai ta buɗe mata komai. Matar kuwa bakinta ba linzami.

Kafin Lahadi rabin cocin unguwar sun san masu shan maganin ƙanjamau. Wallahi abin ƙyama, har da masu nuna mutane da baki ana tsakiyar waƙa.

Cikin sunayen akwai Bwalya, yayar Chisanga da ta raine shi. Shekara shida tana karɓar maganinta a ɓoye, ko shi bai sani ba. Tun ranar ta daina zuwa asibitin.

Ya same ta a shagon ɗinkinta, ƙofa a rufe.

"Yaya, don Allah ki koma ki karɓi maganinki."

"In koma a ƙara kallona? Allah ya isa tsakanina da wanda ya tona min asiri. Kai da ka san kwamfuta, nemo min shi."

Chisanga ya kasa ɗaga kai.

Darasi: In aka ba ka amanar ƙofa, jera waɗanda za su shiga, ka hana duk wanda ba ka sani ba. Kuma kar ka raina mai yi maka gyara. Ku tura wa masu tsare sirrin jama'a su karanta.