Wanda Ya Goyo Kyaftin Ormerod

Akwai wani ɗan ƙwallo a wani garin masaƙu na Lancashire, ana ce masa Silas Entwistle. Masaƙi ne tun asali, har kulob ɗin garin ya ɗauke shi yana buga ƙwallo ana biyansa. A wancan zamani 'ya'yan masu hali kallon mabarata suke yi wa irinsu.

Wilf Duxbury, golan kulob ɗin kuma amininsa, yana tsaye ranar da Lionel Ormerod, ɗan mai masaƙa, ya ce a gaban jama'a, "Ba na shiga fili ɗaya da mai sayar da ƙafarsa."

Silas dai murmushi ya yi. Wilf kuwa abin ya tsaya masa a rai.

Da yaƙi ya ɓarke, su ukun suka faɗa bataliya ɗaya, Ormerod ne kyaftin. Wata safiya a Faransa harsashi ya fasa wa Ormerod cinya, ya kwanta cikin taɓo yana kiran taimako.

Silas ya yunƙura zai fita daga ramin da suka fake, Wilf ya riƙe rigarsa. "Kanka ɗaya? Wannan mutumin za ka je wa?"

"Shi ma yana da uwa. Duk garinmu wa ya fi ni gudu? Riƙe min bindigar."

Ya je, ya goyo shi. Yana sauke shi a bakin rami, harsashi ya sami Silas a wuya. A hannun Wilf ya cika.

Bayan yaƙi aka shirya wa kyaftin taron girmamawa a zauren gari. Edith, matar Silas, da 'ya'yanta mata biyu, can baya aka ajiye su kusa da ƙofa.

Ormerod ya miƙe da lambar yabo a ƙirji, ya ce shi kaɗai ya ja ciki ya dawo. Ko sunan Silas bai kama ba!

Wilf ya kasa haƙuri. Ya tashi.

"Yallaɓai, a bayan wa ka dawo?"

"Zauna, Duxbury. Ba za a tsaya lissafa kowane ƙaramin soja ba."

"Ɗaya na tambaya. Ga matarsa can. Dube ta ka maimaita."

Ormerod ya kasa ɗaga kai. Tsofaffin sojoji bakwai da suka ga abin da idonsu suka miƙe, suka sa Edith a gaba suka fita. Jama'a suka bi su, aka bar kyaftin da kujeru. Daga ranar babu mai cire masa hula a titi, kafin shekara ya bar garin.

A waje Edith ta ce, "Wilf, takarda kawai aka aiko min. Gaya wa yaran nan yadda ubansu ya mutu."

Ya durƙusa ya gaya musu komai.

Darasi: Kada ka raina mutum don sana'arsa, kuma kada girman kai ya sa ka binne alherin wanda ya cece ka. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.