Ranar da Bushiya Ta Matso da Iyakar Gari

Ga ta nan, ga ta nanku, iyayen yara 'yan'uwana. Na san za ku ce ta zo mu ji ta. Za ta zo, amma ku bari in fara sauke abin da ya tokare min ƙirji. Kwana da kwanaki ke nan ba ni da sukuni, tun da ma'aikatan tsara gari suka yi sallama a gidanmu suka ce unguwarmu ta zama ce, ba ta sana'ar wuta ba, suyar ƙuli-ƙulina sai dai a bayan kasuwa. Tun ranar nake ta tuna wata tatsuniya da kakata Iya Tabawa take yi mana tana kaɗin auduga.

A wani gari can da, kowa a ƙofar gidansa yake sana'a. Maƙeri a nan, majemi a can, duk a cakuɗe. A garin akwai Bushiya mai daddawa, wadda ta gaji murhu da tukunya wurin uwarta. In ta ɗora kalwa da hantsi, wutar ba ta mutuwa sai rana ta faɗi. Ranar da ta buɗe kwando kuwa, duk unguwa sai an san an buɗe.

Sai fitina ta fara. Tartsatsin maƙera ya cinye ɗakin Zabuwa. Ruwan jima ya gangara rijiya, gari ya kwanta da ciwon ciki. Hayaƙin Bushiya kuma ya cika gidan maƙwabciyarta Kurciya, 'ya'yanta suka kama tari.

Sai mai gari, tsohon Kunkuru, ya tara jama'a. Ya ɗebi toka ya watsa sama, iska ta yi yamma da ita.

Ya ce, "Kun ga inda ta bi? Can masu wuta da wari da ƙara za su koma. Gabas gidajen kwana, tsakiya kasuwa. Bakin rijiya da burtalin shanu kuwa, ko bukka kada wani ya kafa."

Aka bi iyaka aka kakkafa turaku. Gidan Bushiya ya faɗo ɓangaren kwana, dab da turke na ƙarshe.

Masu sana'a duk suka kwashe kayansu, ban da Bushiya. Ta zauna ta zuba wa murhun uwarta ido tana share hawaye. Sai ga Kurege, wanda bakinsa ba ya rabo da dabara.

"Gwaggo, kukan me kike yi? Doka ai ba ta shiga ɗaki. Ki dafa a ciki, ki ja ƙyaure."

Sai ta yi hakan. Hayaƙi ya turnuƙe ta, ta banko ƙofa ta fito, hayaƙin ya biyo ta ya haura katanga. Kurciya ta leƙo ta ce, "Yaya, don Allah. Autana da ƙyar yake jan numfashi." Bushiya ta sunkuyar da kai.

Sai Kurege ya dawo. "Gwaggo, sana'a aka hana, ba girki ba. Duk wanda ya tambaya ki ce miyar gida ce."

Sai ta ɗora a tsakar gida. Kunkuru ya zo wucewa, ya ga tukunyar da sai an taka turmi ake leƙa cikinta.

"Bushiya, miyar mutum nawa ce wannan?"

"Ranka ya daɗe, yaran ne akwai ci."

"To, Allah ya raya su. In ta nuna a aiko min da tuwon."

Kunya ta kama ta, ta dunƙule wuri ɗaya. Abin da jikokinta suke yi ke nan har yau.

Sai Kurege ya sake dawowa. "Gwaggo, tunda ba za ki je yamma ba, bari yamma ta zo ta same ki."

Ranar kasuwa da unguwa ta watse, ya tumɓuke turken, ya zagayo da shi ya kafa tsakanin gidanta da na Kurciya. "Shi ke nan, gidanki ya faɗa ɓangaren masu sana'a. Miƙo daddawa, ladan aikina." Bushiya har da guɗa.

Washegari ƙarar guduma ce ta tashe ta. Burtu maƙeri ya jingina maƙerarsa da katangarta. Ungulu majemi ya baje fatu a ƙofarta, ruwan jima yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure.

"Malam Burtu, gidan mutane ne fa nan!"

"Gidan mutane? Dubi turke, uwargida. Nan ya fi mana kusa da kasuwa. Allah ya saka wa wanda ya matso da shi."

Ta nemi Kurege, ya shige rami da daddawarsa. Tana cikin haka sai ƙaramar 'yarta ta taka garwashin da ya tsallako katanga, ta ƙwalla ƙara. Wa ya fara shigowa? Kurciya ce, da ganyen magani a baki. Ta ɗaure ƙafar yarinyar, ta koma wajen nata mai tarin.

Bushiya ta tashi da kanta ta ciro turken, ta ja shi har inda yake da, ta tarar Kunkuru yana tsaye a bakin ramin turken.

Ya ce, "Mayar da shi. Turken da ya hana ki dafa kalwa a gida, shi ne yake tsare miki barcin 'ya'yanki. Ba a kafa shi don mutum ɗaya ba."

Burtu da Ungulu suka koma yamma suna gunaguni. Bushiya ta ɗauki duwatsun murhun uwarta ɗai-ɗai ta bi bayansu, Kurciya na riƙe mata kwando. Tari ya bar unguwa, rijiya ta gyaru, gobara ta yi sauƙi.

A nan Iya Tabawa takan aje mazari ta yi ajiyar zuciya. Takan ce duk wanda ya matsar da iyaka don kansa, ya buɗe wa kowa ƙofar gidansa ne. Amma takan ƙara da cewa 'ya'yan Bushiya sun tashi a gida shiru, uwa tana can yamma, ba wadda ta iya ko wanke kalwa a cikinsu. Kurunkus, kan ɓera na bar wa mai so.

To ni ga tawa. Maƙwabciyata Lantana tana da jariri mai ciwon ƙirji. Ba ta taɓa yi min magana ba, taga kawai take rufewa in na hura wuta, wannan kuwa ya fi min zagi ciwo. Bayan kasuwa da nisa, ga ciwon gwiwa. 'Yan matana yanzu hannunsu ya fara faɗawa a matsar tunkuza, kuma ba na son kai su cikin 'yan tashar da ke can. Don Allah ku gaya min, in ɗauki kaskona in tafi in bar su a gida, ko in kashe wutar gaba ɗaya?